Ƙwaryar Furar da Na Wuce a Guna

Shekarun baya, tun gwiwoyina ba su fara yi mini gardama ba, na taɓa shiga gudun kwana uku a daji. Babu abin da ya koro ni. Da ƙafata na je na rubuta suna, aka manna mini lamba a ƙirji, na kama hanya daga Takieta da niyyar in shigo Damagaram a rana ta uku. Da yawanku kun ga hoton ranar da na iso, hannu sama, leɓe a tsattsage, kuka yi ta yi mini barka. Abin da ya faru a rana ta biyu ne ban taɓa ba ku labarinsa ba.

Da girmana gudu ya same ni. Zaman buro, wato ofis, ya ajiye mini tumbi, lokotoro ya auna ni ya ce tansiyo ta hau, wato hawan jini, in ban motsa jiki ba in shirya shan magani har ƙarshen rayuwa. Sai na fara fita bayan sallar asuba ina zagaya unguwar Zango, ina haki, 'yan kabu-kabu suna rage gudu kusa da ni suna cewa, "Alhaji, hau mana in ƙarasa da kai." A wannan zagayen na haɗu da abokina, wani Bakano mai shagon atamfa, shi ma tumbin ne ya fito da shi. Shekara biyu muna gudu tare, har tumbin ya tafi, rigima ta maye gurbinsa. Shi ya zo mini da labarin gasar.

Dokokin ba su da yawa. Kowa ya goyo abincinsa a baya. Ruwa sai a wuraren da masu shirya gasar suka ajiye bido, wato jarkoki. Kowace rana akwai lokacin da dole a ce ka isa zango. Kuma wanda ya karɓi ci ko sha daga hannun wani a hanya, ko da ruwa ne kurɓi ɗaya, za a cire masa lamba ya hau mota. Na karanta na sa hannu ina murmushi, don ban ga wanda zai tare ni a daji da abinci ba.

Sai da aka raba mana takardar hanya murmushin ya ɓace. A rana ta biyu, bayan an wuce Guna kaɗan, hanyar ta ratsa ta tsakiyar ƙauyen innata.

Yayar mahaifiyata ce. Ni ɗan fari ne, kuma kun san yadda abin yake a wajenmu: ana yaye ni aka kai ni wurinta, ita ta goya ni, ita ta yi jinyar ƙyandata, a ɗakinta na tashi har na kai shekara bakwai mahaifina ya zo ya ɗauke ni ya sa ni lakwal, makarantar boko. Ita nake kira Inna. Mahaifiyata kuwa Hajiya nake ce mata, har yau ba ta kiran sunana, ba ta ma cika duban fuskata ba. To wannan Innar, a lokacin, shekarata tara ban taka garinta ba. Ba faɗa muka yi ba. Kullum dai da dalili: aiki ya yi yawa, hanya ta lalace, moto, wato babur, ba lafiya, bari a sha ruwa, bari a yi Sallah. In an haɗa mu a salula sai in ce, "Ina nan tafe, Inna," ta ce, "Allah ya kawo ka." Haka shekara tara ta wuce.

Dabarar da na yanke ita ce in ja hula, in sa baƙin gilashi, in ratsa garin cikin ayari kamar kowane baƙo. In na gama gasar, na huta, sai in shirya zuwa na musamman da buhun shinkafa. Kuskurena ɗaya, na je sallama wurin Hajiya bakina ya kufce.

Tana tsintar shinkafa a faifai, ba ta ɗago ba ta ce, "Ta garin yayata za a bi ke nan?"

Na ce, "E, amma wucewa ce kawai, Hajiya. Ba a tsayawa."

Ta ce, "Uhm."

Na ɗauka ta gane. Na manta cewa a wurin Hajiya da duk sa'anninta babu wani abu wai shi wucewa ta ƙofar gidan danginka. Ina fita ta sa aka kira mata ƙauye.

Ranar farko ba ni da abin faɗa a kanta sai wahala. Mun tashi da sanyin safe mu wajen sittin, da sojoji, da 'yan makaranta masu dogayen ƙafafu, da wasu Turawa kaɗan, da irinmu da tsautsayi ya kawo. An gama girbi, gonaki duk kara ne a tsaye. Kafin hantsi rairayi ya cika mini takalmi, ƙarangiya ta mamaye safa, in ka sa hannu ka cire ta koma yatsa. A wani ƙauye wani tsoho ya tare mu da sandarsa, ido waje, yana tambaya, "Lafiya? Me ya faru a bayanku?" Da abokina ya ce masa wasa ne, sai ya dube mu sama da ƙasa, ya ce Allah ya sawwaƙe. Na tambaye shi ko wurin ruwa da nisa, ya turo leɓe gaba ya ce nan ne kusa. Sai da muka yi fiye da awa ɗaya kafin mu ga bidon farko.

Mun isa zango da la'asar sakaliya. Na cire takalmi na ga ƙafafun kamar ba nawa ba, duk sun yi bororo, farcen babban yatsa ya yi baƙi. Na ci dabino da sardin ba don ina so ba. Sallar magariba a zaune na yi ta.

Washegari da na tashi sai da na dafa kafaɗar abokina kafin in miƙe. Cinyoyina sun sandare kamar itace. Awa biyun farko ba gudu muke ba, jan jiki ne. Duk wanda ke bayanmu ya zo ya wuce, har aka bar mu mu biyu a ƙarshe, sai mai sa ido a kan moto yana biye da mu a hankali. Shi ne wanda aka ɗora wa duba masu karya doka da kwashe waɗanda suka gaza, wani siririn mutum mai rawani, ba ya magana. Ƙarar motonsa a bayana ta fi ranar damuna. Ƙarfe biyar za a rufe zango, ni kuwa kowane ɗan lokaci sai na duba agogo na sake lissafi, lissafin yana ƙara tsukewa. Shekara biyu ina tashi da asuba saboda wannan abu. Na riga na faɗa wa duk mutanen buro. Ban ga yadda zan koma gida a bayan mota ba.

Muka wuce Guna rana ta take. Ƙasa ta fara sauyawa, ga fadama, ga gonakin rake, ga goriba jefi-jefi. Na fara gane wurare. Ga rijiyar da na taɓa jefa takalmin wani a ciki. Ga kukar bakin gari. Na ja hulata ƙasa, na gyara gilashi.

Sai na ji guɗa.

A gindin kukar an shimfiɗa tabarmi. Mata sun cika wurin, dattawa na zaune a gefe, kamar ana jiran amarya. Tun safe suke nan, duk mai gudun da ya zo sai sun leƙa fuskarsa, har Turawan. Gilashina bai yi mini amfanin komai ba. Wata mata ta nuna ni ta ce, "Ga shi nan! Wallahi tafiyar ubansa ce!"

Inna na tsakiyar tabarma cikin sabon zane, karinsa ma bai baje ba. Ta ƙanƙance fiye da yadda na bar ta. Idanunta sun yi fari-fari, tana juya kai tana cewa, "Shi ne? Ku gaya mini, shi ne?" A gabanta ga ƙwarya an rufe da faifai, ludayi a kai. Daga cikin gida ƙanshin miyar kaza na fitowa.

Na tsaya. Ba ni da yadda zan yi.

Ta laluba ta kama hannuna, ta shafa har gwiwar hannu, ta ce, "Ɗana. Da ƙafa ka zo? Tun daga can da ƙafa?" Ta juya wajen matan, "Ba na gaya muku ba? Kuka ce ya manta da ni. Ga shi ko mota bai hau ba."

A nan na gane abin da aka gaya mata, da abin da ita ta gaya wa gari.

Ta ce, "Zauna, ɗana."

Ku da kuka san ciwon cinya bayan doguwar tafiya za ku fahimce ni, ko da yake ba uzuri ba ne. Na san in na durƙusa ba zan iya tashi ba. Don haka a tsaye na gaishe ta. Ni, ɗan da ta goya, na tsaya ƙiƙam a kanta da gajeren wando, a gaban dattawan gari, na ce, "Ina wuni, Inna," kamar wanda ya haɗu da sa'arsa a kasuwa. Guɗar ta tsaya. Na ji wani tsoho ya yi gyaran murya.

Ita ba ta nuna ta lura ba. Ta buɗe faifan, ta ɗago ƙwaryar da hannu biyu. Na ji ƙanshin citta da kanumfari, yadda take dama mini ina yaro. Maƙogwarona a bushe yake kamar tsohuwar fata. A bayana kuma na ji moton mai sa ido ya tsaya.

Na ce, "Inna, ba zan iya sha ba. An hana."

"Wa ya hana?"

"Masu gudun. Doka ce. In na sha za su cire ni."

Ƙwaryar na sama ta ce, "Furar aka hana?"

Wani dattijo ya ce, "Haba yaro, ko kurɓi ɗaya ne. Tun shekaranjiya take surfe da kanta, ta hana kowa taɓawa."

Na duba agogo. Wallahi na duba agogo, a gabansu. Sannan na faɗi maganar da na shekara tara ina faɗa: "Zan dawo, Inna. Ina nan tafe."

A hankali ta sauke ƙwaryar, ta laluba faifan ta rufe, ta ɗora ludayin a kai. Ta ce, "Ku bar shi, sauri yake yi. Allah ya kiyaye hanya, ɗana."

Na juya na zura da gudu. Abin dariya, a duk kwana ukun nan ban yi gudu mai kyau kamar na wannan lokacin ba. Ciwon cinya ya ɓace, ƙafa ta daina zafi. Ashe kunya ta fi kowane horo sa mutum sauri. Ban waiwaya ba, ban ma lura abokina ba ya tare da ni ba.

Na isa zango saura minti arba'in a rufe. Minti arba'in. Na zauna a gindin wani gawo ina kallon agogon kamar shi ya yi mini laifi.

Can sai ga abokina yana ɗingishi, shi ma cikin lokaci, mai sa ido na biye da shi. Ya zube kusa da ni. A gashin bakinsa akwai farin abu ya bushe.

Na ce, "Me ke nan a bakinka?"

Ya sa hannu ya goge. Ya ce, "Malam, ni ban iya abin da ka yi ba. Na durƙusa na gaida tsohuwa, na ce ni abokinka ne, kai ka aiko ni in sha a madadinka. Ludayi uku na yi. Sai da mutum biyu suka ɗaga ni." Sannan ya ƙara da cewa, "Ta ce in tambaye ka ko cittar ta yi yawa ne."

Na dubi mai sa ido, wanda ke kwance igiyar kayansa a kusa da mu, na san ya ji. Bai ɗago ba ya ce, "Ni ban ga komai ba. Tun da ka tsaya gaban tsohuwar na juya baya ina duba taya. Na fi minti biyar ina duba tayar da ba abin da ya same ta." Sannan ya dube ni. "Ni ma ina da uwa a ƙauye, Alhaji."

Ban iya cin komai ba a yammacin nan. Na buɗe gwangwanin sardin na rufe.

Rana ta uku na yi ta ne kamar wanda ake ja da igiya. Ban tuna hanyar sosai ba. Na tuna farcen ya fita a cikin safa, na tuna na yi amai sau biyu, na tuna lokacin da duwatsun Damagaram suka bayyana daga nesa na yi ta tafiya suna ƙin matsowa. Da muka hau gudro, titin kwalta, yara suka bi mu da ihu. Aka rataya mini lambar yabo a wuya, wani ya ce in ɗaga hannu, na ɗaga, aka ɗauki hoton nan da kuka sani. Ni dai abin da nake so a lokacin shi ne wuri in kwanta, kada kowa ya yi mini magana.

Kwana biyu ina kwance kafin in iya zuwa gaida Hajiya. Na tafi da lambar a aljihu, ina tunanin ko za ta sassauta. Na same ta a tsakar gida da ƙanwata. Yadda ta saba, in za ta yi mini faɗa sai ta bi ta kan wani, don haka ƙanwar tawa ta fuskanta.

"Ki gaya masa an kira ni daga ƙauye. Ki gaya masa zakaranta guda ɗaya ta sa aka yanka. Ki gaya masa da mutane suka watse ita ba ta tashi daga gindin kukar ba sai da aka kira magariba, wai ko zai juyo."

Na ce, "Hajiya, doka ce ta..."

Sai ta juyo ta dube ni, ido cikin ido. A iya sanina ba ta taɓa yi mini haka ba. Ta ce, "Shekara tara kana cewa hanya ba kyau, moto ba lafiya. Ashe ƙafa ma tana kai mutum. To ƙafar da ta wuce ta, ita za ta koma."

Lambar ba ta fito daga aljihu ba.

Bayan kwana uku na naɗe yatsuna da bandeji, na sa silifa don takalmi ya ƙi shiga, na fita bayan asuba. Wannan ita ce rana ta huɗu ta gasar, wadda babu lamba a ƙirji, babu bidon ruwa a hanya, babu mai ɗaukar hoto. Masu amalanke biyu suka tsaya suka ce in hau, na ce na gode. Ban san ko taurin kai ne ko tsoron Hajiya ba. Na yi ta zama a inuwa ina tashi. Tafiyar da mai lafiya zai gama kafin azahar, ni sai da rana ta yi ja na hango kukar.

Babu tabarma, babu guɗa. Matan da ke bakin rijiya suka amsa sallamata a taƙaice. Na shiga gidan na same ta zaune a ƙofar ɗaki da tsohon zanenta, tana ɓarar gyaɗa da lalube. Na yi niyyar durƙusawa a hankali, cikin mutunci, gwiwoyin suka ƙi, na tafi gaba ɗaya na faɗi a gefe kamar buhu, har na zubar mata da gyaɗar.

Ta ce, "Wane ne?"

Na ce, "Ni ne, Inna."

Ta juyo da kai wajen muryata. Sannan ta ce, "Yau kuma wa ya biyo ka?"

"Ba kowa."

"Zama ko wucewa?"

"Zama, Inna."

Ta sa aka kawo mini ruwa a moɗa. Kafin ta miƙo sai da ta tambaya, "Wannan ba a hana ba?" Na ce ba a hana ba. Na sha ina kuka, babba da ni, ruwan na zuba a rigata. Babu fura a gidan a ranar, ɗumamen tuwo na ci.

Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta sa aka dafa bagaruwa, ta jawo ƙafafuna cikin kwano tana gasa su da tsumma, tana tsaki duk inda ta taɓo ciwo. Cikin haka ta ce, kamar da ƙafafun take magana, "Ba furar ce ta dame ni ba, abokinka ya sha, yaron kirki. Ni dai na riga na gaya wa mutane saboda ni ka taso."

Kwana huɗu na yi. Ranar da zan tafi na ciro lambar yabon na sa mata a hannu, na ce ga abin da aka ba ni. Ta juya ta, ta shafa, ta gwada nauyinta, ta ja igiyar ta ji ƙwarinta. Sai ta sa aka kamo mata wata jar akuya da ta addabi maƙwabta da shiga gonaki, ta ɗaura mata a wuya. Ta ce, "Ita ma ba ta zaman gida. Ku biyu kun dace."

Shekara uku ta ƙara a duniya bayan haka, kuma a cikinsu ba na jin an yi wata biyu a jere ban je ba. A moto, hanyar da na ce ta yi nisa, ko awa ɗaya da rabi ba ta kai ba. Duk zuwan da na yi, kafin ta amsa gaisuwa sai ta tambaya, "Zama ko wucewa?" Tun abin yana sosa mini rai har ya zama wasanmu.

Ban ce gudu laifi ne ba. Ya sauke mini tansiyo, kuma har yau ina ɗan taɓawa in gwiwa ta yarda. Dokar ma ba laifinta ba ne, don a wurin nan mu uku ne muka san ta, biyu suka san inda za su ajiye ta na minti biyar, ni kaɗai na rungume ta. Da na zauna na yi tunani, ba dokar nake tsoro ba. Na fi jin kunyar mutanen buro su ce ban gama ba a kan kunyar matar da ta goya ni. Wannan shi ne abin da har yanzu in na tuna nake jin gajiyar ranar ta dawo mini sabuwa.

Masu tambayata ina lambar take, ga amsarku: akuyar ta shiga daji da ita wata rana ta dawo babu.

Bara aiki ya bi da ni ta wajen Guna. Na ratse na shiga garin, na tsaya a gindin kukar, na kashe moto. Ba na sauri, babu mai jirana a gaba. Na zauna a kan saiwar na fi awa ɗaya, mutane na wucewa muna gaisawa, amma babu wanda ya tambaye ni ko zama na zo yi ko wucewa.